Takardar Lanho da Rawanin Mai Unguwa

Mai unguwarmu ya riƙe unguwa tun kafin a haife ni, kuma ta dalilina aka karɓe ta daga hannunsa. Ban yi masa ƙarya ba, ban kai ƙararsa ba. Tambaya kawai na je yi. Shekara da shekaru ina maimaita wa kaina wannan magana har na gaji da ita, domin ba ta taɓa rage mini komai ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure. Ina saurayi aka zo da aikin ruwa, aka yanka gonakinmu da magudanai, aka sake rarraba su, mutanen da ba su san noma ba sai da damina suka koma shuka alkama da tumatir da rani. Ni na gama firamare ban ci gaba ba, sai na shiga lebura wajen masu zuba kankare a cikin kanal, wato babbar magudanar ruwan. Daga ɗaukar kwanon siminti na koma riƙe cokalin gini, cikin shekara uku an san ni birkila ne. Abin da ya sa ake son aikina shi ne kuma ya sa ake gajiya da ni. Ba na yarda da awo ɗaya. Sai na ja igiya na auna, na tafi, na dawo na sake aunawa. Haka nake a komai. Ina iya yin nisa da gida in komo don in duba ko na rufe akurkin kaji. A wajen alwala kuwa, liman ya taɓa jana gefe ya ce in ji tsoron Allah in bar wa na bayana ruwa a buta.

A lokacin ana biyan haraji, kuma ga yadda ake yinsa a wajenmu. Bayan an kawar da amfanin gona malamin haraji zai zo daga wajen hakimi da babban littafinsa. A ajiye masa kujera a gindin durumin ƙofar gidan mai unguwa, shi kuma mai unguwa ya zauna a tabarma ya riƙa kiran sunayen mazan da suka isa biya, gida-gida, daga gabas zuwa yamma. Wanda ya kira a rubuta shi. Wanda bai kira ba, babu shi a littafi. Malamin baƙo ne, bai san kowa ba, abin da mai unguwa ya faɗa shi zai ɗauka. In mutum ya biya sai a ba shi rasit, 'yar takarda da ake naɗewa a sa a cikin hula, domin akan tare hanyar kasuwa a ce kowa ya nuna nasa.

Shekaru kaɗan bayan an canja kuɗi zuwa naira, ɗan kwangilar da nake aiki a ƙarƙashinsa, wani mutumin birni, ya samu aiki a ƙasar Nijar, gaba da Maraɗi. Magudanar ruwa ce irin tamu za a yi wa kankare, aikin wata biyar. Ya yanka mini wani ɓangare ya ce kwangilata ce, in nemi leburorina, ana aunawa ana biya na. Na ɗauki mutum huɗu daga unguwarmu, duk sa'o'ina, duk 'ya'yan gidajen da farin shekarun baya ya bari ba tunkiya a turke ba hatsi a rumbu. Muka tafi dawa ba ta nuna ba, wato kafin zuwan malamin haraji.

Ranar da aka fara biya na a can, na ƙirga kuɗin sau uku na ga bai cika ba. Akawun wurin wani mutumin Damagaram ne mai tabarau, yana zaune a bayan tebur a cikin rumfar kwano. Na koma na tsaya a gabansa.

"Malam, akwai kuskure a nan."

"Babu kuskure," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Lanho aka cire. Abin da ku mutanen Ingilishi kuke ce wa haraji. Duk wanda ya samu kuɗi a ƙasar nan sai ƙasa ta ɗauki nata, ko kwana uku ya yi."

"Amma ni a gida ake rubuta ni."

"To a rubuta ka a gida mana. Ni ina ruwana da gidanku?"

Ya jawo wata takarda ya buga mata hatimi ya miƙo mini. Da Faransanci aka rubuta ta, ban gane komai a ciki ba sai sunana da lambobi. Na tambaye shi ko wannan za ta tsaya mini a matsayin rasit in na koma. Ya ce shi iyakar saninsa bakin iyaka. Wata na biyu na sake tambayarsa, na uku ma haka. Daga nan in ya hango ni sai ya ce wa na kusa da shi, "Ku matsa, ga mai lanho nan."

Na tambayi ɗan kwangilarmu. Ya ce mutum ba ya biyan haraji sau biyu a shekara ɗaya, in ajiye takarduna kawai. Na tambayi helimanmu, shugaban ma'aikatan wurin, wanda ya taɓa yin irin wannan aiki a Kamaru, ya ce ƙarya ne, shi biyu ya biya, kuma bai mutu ba. Na zuba takardun a gwangwanin madara na rufe, na ci gaba da aiki da amsa biyu a kaina. Su abokan tafiyata huɗu ba abin da ya dame su. Ɗaya ma da tasa takardar ya ƙunshe taba gari.

Wata biyar ya zama kusan shida. Muka dawo ana sussukar alkama. Bayan an gama murna, Inna ta gama kukanta na cewa na rame, na samu Baba a zaure yana gyaran igiyar jaki.

"Baba, harajina fa? Kai ka biya mini?"

"Ba a kira ka ba."

"Kamar yaya ba a kira ni ba?"

"Kamar yadda ka ji. Da aka zo gidan nan ni kaɗai aka kira. Ka ci abinci?"

"Mantawa ya yi?"

Baba ya ajiye igiyar ya dube ni. "Mutumin da ya san ranar da aka yanke cibiyarka shi ne zai manta da kai? Ka ja bakinka ka yi shiru. Gobe ka ɗauki alkamar da na auna ka kai masa, ka gaishe shi, ka dawo."

Wannan alkama ba sabon abu ba ce. Kowane gida in ya yi girbi yakan auni 'yar tiya biyu ko uku ya aika gidan mai unguwa, don shi ne mai saukar baƙi, shi ne mai ciyar da duk wanda gwamnati ta aiko. Na ɗauka a ƙaramin buhu, na haɗa da dabino da sabulun da na yo tsaraba.

Na same shi a gindin durumi da mutane uku. Tsoho ne dogo, ba ƙiba, rawaninsa fari ne da ya sha wanki har ya koma ruwan toka. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "A'a, mutanen Faransa! An dawo? To ruwan can da na nan wanne ya fi saurin gudu?" Aka yi dariya. Ya tambayi hanya, ya tambayi abinci, ya tambayi ko gaskiya ne sojojinsu gajeren wando suke sawa. Ni kuwa maganar haraji ce a raina. Da na ga zan tashi ban faɗa ba, sai na ce, "Baba, ina so in yi tambaya a kan maganar haraji."

Ya ɗauki dabino ɗaya ya duba shi kamar bai taɓa ganin dabino ba.

"Ɗana, ranar ƙidaya kana garin nan?"

"Ba na nan."

"To wanda ba ya nan, ba ya nan. Ka gai da babanka."

Mutum ukun nan duk suka sunkuyar da kai. Kowa a wurin ya gane abin da aka ce. Ni ma na gane, kada in yi wa kaina ƙarya. Ya duba gidaje biyar da samarinsu suka tsallake iyaka, ya ga tsofaffi kaɗai aka bari a ciki, ya san in ya kira sunayenmu a wuyan tsofaffin nan kuɗin zai faɗa, sai ya tsallake mu. Bai karɓi ko kwabo a kai ba. Abin da ake so daga gare ni shi ne in yi godiya a zuci in yi shiru.

Na kasa. Na farko, ba ni da rasit. Ranar kasuwar Bunkure sai in shirya in hau keke, in na hango mutum biyu tsaye a bakin gada sai in juyo. Sau uku ina haka. Na biyu, ɗan kwangilarmu ya aiko cewa akwai wani aikin a can baɗi, kuma wai yanzu kafin a yi wa mutum takardar tafiya sai ya nuna rasit ɗin haraji. Na uku shi ne wanda ya fi cina. Ban san matsayina ba. In takardun gwangwanin nan sun biya mini, to ni ba mai laifi ba ne, ina so a faɗa mini. In ba su biya ba, to ina yawo da haƙƙi a kaina, ina cin abinci da shi, ina salla da shi. Tuwo ya daina shiga. Inna ta fara jiƙa mini saiwoyi tana zaton shawara ce.

Na ce wa kaina ba ƙara zan kai ba. Ba zan ambaci mai unguwa ba. Zan je ne kawai in nuna takarda in tambaya ko ta isa. Ran wata Litinin da hantsi na ce wa Baba zan je sayen tiyub ɗin keke, na sa gwangwanin a aljihu na nufi garin hakimi.

Malamin harajin yana wani ɗaki a gefen zauren hakimi, yana ɓare gyaɗa a kan littafi. Mutum ne mai fara'a. Da ya ji na yi firamare sai ya ba ni benci, har ya tura mini gyaɗar. Na zazzage takardun a gabansa. Ya ɗauki ɗaya ya juya ta sama ya juya ta ƙasa.

"Kai, wannan ai sai su. Me ta ce?"

Na yi masa bayani.

"To ai mai sauƙi ne," ya ce. "Su kuɗin da ka samu a ƙasarsu suka ɗauki rabonsu. Namu na kai ne. Kanka kuwa na nan ne, ko ka kai shi Makka ka dawo da shi. Wannan ba ta hana wancan. Amma kada ka damu, ai babanka ya riga ya biya maka. Wace unguwa ka ce? Bari in duba in rubuta maka wani rasit ɗin."

A nan ya kamata in tashi. Ina iya cewa na tuna, rasit ɗin yana gida. Ina iya tattara takarduna in yi godiya. Na zauna ina kallonsa yana lasar yatsa yana buɗe shafi. Ya bi da yatsa ya samu sunan Baba. Ya duba ƙasansa, ya duba shafin baya.

"Ba ka nan."

Ya buɗe shafin bara ya nuna mini da yatsa.

"Bara kana nan, ga ka. Bana babu." Fara'ar ta tafi. Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga littafin. "Kai kaɗai ka tafi aikin?"

"Mu biyar ne."

"Duk unguwa ɗaya? Faɗi sunayensu."

Na faɗa. Yana dubawa yana rubutawa a wata takarda daban. Abin da har yau in na tuna nake jin kamar in nutse shi ne, da ya rubuta uku ya ajiye alƙalami, ni ne na ce masa, "Malam, saura ɗaya." Ba wanda ya matsa mini. Lissafin ne bai cika ba, bakina ya cika shi.

Ya ce in je, za a neme mu. Na fito na hau keke, sai da na yi rabin hanya na tuna ban sayi tiyub ɗin ba. Ban faɗa wa kowa inda na je ba. Kwana takwas ina gaishe da mai unguwa a masallaci yana amsawa da wasa.

A rana ta tara dogari ya zo. Aka kira mai unguwa, da dagacin da ke sama da shi, da mu biyar da iyayenmu maza. Sai a zauren hakimi na fahimci girman abin da na tayar. Ni a tunanina iyaka a ce mu biya. Ashe a wajen hukuma, in suna ya ɓata daga littafi ma'anarsa ɗaya ce: mai unguwa ya karɓi kuɗin a hannun mutum ya sa aljihu. An sha kama masu yin haka. Ba tausayinsa aka zo bincike ba, cin haraji ake tuhumarsa da shi.

Aka karanta sunayenmu. Hakimi ya tambaye shi. Ya durƙusa, tsoho da shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ban kira su ba. Ba sa ƙasar, ban san ranar dawowarsu ba, kuma na san abin da ke cikin rumbunan iyayensu. In laifi ne na yi shi. Amma ban karɓi komai a hannun kowa ba."

Aka bi iyayenmu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce bai ba shi ko anini ba. Baba ma haka ya ce, da ƙarfi. Na ga fuskar hakimi ta fara sassautawa, har dagaci ya fara cewa a yi masa afuwa, tsufa ne da tausayi. Sai malamin haraji ya nuna ni ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan shi ya zo da maganar da kansa. Ya yi makaranta, kuma ba ya ɓoye abu."

A nan mai unguwa ya san wanda ya je. Ya juyo ya dube ni sau ɗaya, ba da fushi ba, kamar mai son tabbatar da cewa ya ji daidai, sannan ya mayar da kansa.

Hakimi ya ce, "Kai yaro, tsakaninka da Allah. Tun da aka yi ƙidayar nan, gidanku bai kai wa mutumin nan komai ba? Komai ƙanƙantarsa?"

Na san abin da yake nufi. Kuɗi yake nufi, ko abin da aka bayar a madadin kuɗi. Amsar ita ce a'a, kuma gaskiya ce. Amma ya ce tsakanina da Allah, ya ce komai ƙanƙantarsa, ni kuwa ga buhun nan ina ganinsa a idona, ina jin nauyinsa a kafaɗata. Na ji in na ce a'a na yi rantsuwar ƙarya.

"Ranka ya daɗe, sai dai alkama."

"Wace alkama?"

"Tiya uku. Ni na kai. Amma ai kowace shekara..."

"Bayan kun dawo?"

"E, ranka ya daɗe. Da dabino da sabulu. Amma..."

Ba wanda ya saurari amma ɗin. Aka juya kan sauran iyayen, su ma kun kai alkama? Suka ce sun kai, kamar yadda kowa yake kaiwa. Malamin haraji yana ta rubutu. Gida biyar ba a kira 'ya'yansu ba, gida biyar sun kai alkama. Cewa sauran gidajen unguwar duka sun kai, wannan ba ta shiga takarda ba, domin ba a tambaya ba, ni kuma na fara faɗa ban ƙarasa ba.

Ba a ɗaure shi ba. Hakimi ya ce saboda shekarunsa. Aka ce mu biyar mu biya, aka ce wa dagaci ya nemo wani ya riƙe unguwar. Ba a warware masa rawani a gaban mutane ba, amma da muka fito waje shi da kansa ya tsaya a gindin katanga ya warware shi a hankali, ya ninke, ya sa a hammata. Ban taɓa ganin kansa da hula kaɗai ba sai ran nan. Ashe ƙaramin kai gare shi, duk furfura.

Na jawo keke na ce wa Baba ya hau in goya shi. Ya wuce ni kamar ban yi magana ba. Haka muka taho, yana gaba da ƙafa ina baya ina tura keke, a kan gaɓar kanal, rana tana tsakiya. Sai da muka kusa gida ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Tun kakanka ake kai hatsin nan gidan. A lokacin dawa ake kaiwa."

Na biya nawa, na biya na sauran huɗun daga kuɗin kwangilata, don ni na ɗauke su. Biyu suka karɓa, biyu suka dawo mini da shi. Uwar ɗaya daga cikinsu, wata tsohuwa mai sayar da daddawa wadda tun ina yaro take ce mini mijinta, ta tare ni a bakin rijiya mata suna ji.

"Malam akawu, sannu da aiki! Ka ƙirga kajina ko sai gobe? Bakwai ne, amma ɗaya tana kwanci, kada ka manta ka gaya wa hakimi."

Matan suka kwashe da dariya. Na ce, "Iya, ki yi haƙuri."

"Ni ka ba haƙuri? Ni me aka cire mini? Je ka ba mai shi."

Ban iya zuwa ba sai bayan kusan wata guda. Kafin nan an naɗa wani ɗan'uwansa na nesa, mutumin kirki shi ma, amma tsoro ya kama shi tun ranar farko. Da ƙidaya ta zagayo ba wanda ya tsallake. Har wani gurgu da aka daɗe ana rufa wa asiri sai da ya kira.

Abin da na yi a watan nan shi ne rubutu. Na sayi takarda mai layi na rubuta wa hakimi wasiƙa. Na bayyana al'adar kai hatsi, na jera gidajen unguwar duka da abin da kowanne ya kai bana, don na bi na tambaya a fakaice. Na rubuta cewa ni ne ban iya magana ba a zaure. Na sake kwafe ta sau huɗu saboda kada a ga gogewa. Na ga in hakimi ya karanta wannan dole ya mayar masa da unguwarsa. Amma na ce wannan karon ba zan tafi ba sai na nuna masa.

Na same shi da yamma a gonarsa ta rani, a ƙarshen wata ƙaramar magudana. Ranar rabon ruwansu ce, yana tsaye cikin taɓo da wando a naɗe, yana buɗe wa kunyoyin tumatir ruwa da fartanya. Da can yara ake aikowa su yi masa wannan. Na yi sallama ya amsa. Na durƙusa a kan gaɓa na ce na zo neman gafara. Ya ce, "Tashi, za ka ɓata wando." Na ce na rubuta wani abu, ina so ya ji. Ya ce in karanta, kunnensa yana ji ko yana aiki.

Na karanta daga farko har ƙarshe. Yana toshe wannan kunya yana buɗe waccan. Da na zo wajen jerin gidajen sai ya tsaya, ya dogara da fartanyar.

"Sake karanta nan."

Na sake.

"Gida nawa ke nan ka rubuta?"

"Duka, Baba. Don a ga ba mu kaɗai ba ne."

"Da sunan kowa, da abin da ya kawo."

"E."

Ya dubi ruwan. Sannan ya ce, "Wato gida biyar ba su ishe ka ba."

Sai a lokacin na ga abin da ke hannuna. Na rubuta takardar da za ta nuna cewa unguwa guda tana kai wa mai unguwarta hatsi, da sunaye, da awo, in kai wa mutanen da suka ɗauki tiya uku a matsayin toshiya.

"Ɗana," ya ce, "na san ba mugunta ce ta kai ka ba. Da mugunta ce da na san yadda zan yi da kai. Na yafe maka, duniya da lahira, ka ji na faɗa. Amma zan roƙe ka abu ɗaya, kuma shi kaɗai nake so a wajenka."

Na ce ko mene ne.

"Kada ka sake taka ofishin nan saboda ni. Zuwanka ɗaya ya isa."

Ya miƙo hannu na ba shi wasiƙar. Bai iya karatun boko ba, bai ko dube ta ba. Ya tura ta cikin taɓon bakin kunya ya danna da diddige, ya ja ƙasa ya rufe, ruwan ya juya ya shiga kunya ta gaba.

Ban koma ofishin ba. Unguwar ma ba ta koma hannunsa ba, ba ta koma gidansa ba. Ya yi shekara biyu da wani abu yana noman tumatirinsa, in an yi suna ko ɗaurin aure ya zauna a layi na biyu, a miƙo masa goro bayan an ba wasu. Ranar da aka yi jana'izarsa na tsaya a sahun ƙarshe, kuma da aka zo ɗaukar makara ban matsa gaba ba.